Binciken haihuwar bisashe a Nijar: masanan da suka yi aikin, da amfaninsa ga Ƙwanni, Malbaza da Illela

A gundumomin Birnin Ƙwanni, Malbaza da Illela, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da akuya ko tunkiya a turke ba. Ita ce asusun uwargida, ita ake kai wa kasuwar Badagishiri ko ta Gidan Idar in hatsi ya ƙare. Saboda haka tunkiyar da ta shekara ba ta haihu ba hasara ce a bayyane. Dalilin irin wannan fashin haihuwa shi ne abin da wasu malaman Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suka daɗe suna bincike a kai.

Farfesa Alhassane Yenikoye da tumakin Fulani

Farfesa Yenikoye, wanda ya taɓa shugabantar jami'ar, masani ne kan yadda jikin dabba ke shirin ɗaukar ciki. A farkon shekarun 1980 ya bi diddigin tumakin Fulani na Nijar, yana lura da lokacin da tunkiya ke neman rago da lokacin da ƙwanta ke sauka. Ya yi aikin tare da masanan cibiyar binciken noma ta Faransa, INRA, reshen Nouzilly kusa da birnin Tours, kuma ya wallafa sakamakon zagayowar shekara a 1984.

A Turai, tsawon yini ke tsara wa yawancin tumaki lokacin barbara. Binciken ya nuna tumakinmu na iya neman rago kusan duk shekara, amma abin yakan yi rauni da rani. Wannan ya sa dabarun da aka tsara don tumakin Turai ba su dace a kwafo su kai tsaye ba.

Farfesa Hamani Marichatou da shanun Azawak

Farfesa Marichatou na sashen koyar da aikin gona ya mai da hankali kan barbarar zamani, wato ɗura wa saniya maniyyin zaɓaɓɓen bijimi ba tare da an kawo bijimin ba. Shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Moumouni Issa, sun haɗa gwiwa da likitocin dabbobi na Jami'ar Torino ta Italiya a tashar kiwo ta Tukunus, cikin gundumar Filinge, inda aka daɗe ana zaɓen shanun Azawak saboda nononsu. A can aka riƙa tatsar irin bijimai, a auna lafiyarsa, a daskarar da shi cikin ruwan azot mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ya yi shekaru bai lalace ba. A jihar Tawa ma akwai cibiyar hayayyafar shanun Azawak a Ibesetan.

A 2002 ya wallafa wani bincike tare da wasu masana na Nijar da Faransa, wanda ya gwada jar akuyar Maraɗi da baƙar akuya ta yankin. Jar akuyar ta yi suna wajen tagwaye da kyan fata, kuma tana da cibiyarta a Maraɗi tun 1963. Ita ce dai ake kira jar akuyar Sakkwato a ƙetaren iyaka.

Abin da mai kiwo zai riƙe

Tunkiya na sake neman rago kusan duk kwana 17 in ba ta ɗauka ba, akuya da saniya kuwa duk kwana 21. Cikin tunkiya da na akuya wata 5 ne, na saniya wata 9 da ƴan kwanaki.

Neman bijimi a wurin saniya ba ya cika yini guda, kuma a shanunmu masu tozo sau da yawa da dare yake zuwa. Alamunsa su ne yawan kuka, rashin natsuwa, farin yauƙi daga farji, da tsayawa cak in wata ta hau ta. In aka yi sakaci, sai an jira mako uku. Shi ya sa a barbarar zamani ma'aikatan kiwo kan yi amfani da magani don shanu da yawa su nemi bijimi lokaci guda.

Ramammiyar dabba ba ta saurin ɗaukar ciki, ko da an kawo mata iri mafi kyau. Wanda ya tanadi harawa, kowar wake da dusa tun kaka, ya ƙara wa matan bisashensa abinci makonni kaɗan kafin barbara, ya fi samun haihuwa. Haka nan barin bunsuru ɗaya yana barbarar ƴaƴansa shekara da shekaru na rage ƙarfin garke, don haka musayar namiji da maƙwabta na da amfani.

Mai son a duba masa saniya ko ya ji sharuɗɗan barbarar zamani, sai ya tuntuɓi ofishin kiwo na gundumarsa.