Ƙa'idojin Rubutun Hausa a Ƙagaggen Labari: Wuraren da Ma'ana Kan Sauya

Marubucin ƙagaggen labari yana da 'yancin ƙirƙiro mutane da garuruwa da al'amura, amma ba shi da 'yancin sauya ƙa'idojin rubutu. Mai karatu ba ya jin muryar marubuci, don haka haruffa da alamomi su ne ke nuna masa inda za a dakata, da wanda ke magana, da abin da ake nufi.

Daidaita rubutun boko ya daɗe. Hanns Vischer, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin farko a 1912. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sannan aka yi taron Bamako a 1966 kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma. Wurare huɗu ne aka fi yin tuntuɓe.

Na farko, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ. "Baki" daban, "baƙi" daban. Haka "kasa" da "ƙasa", da "bari" da "ɓari". Wayoyin hannu na yanzu suna da allon rubutun Hausa, saboda haka uzurin barin lanƙwasa ya ragu.

Na biyu, raba kalmomi da haɗe su. "Ba shi kuɗin" umarni ne, "bashi" kuwa abin da ake bin mutum ne. "Akan" na nuna sabo, "a kan" na nuna wuri: akan shanya gero a kan tabarma. Ana haɗe "yana", "suna" da "motarsa", amma "ne" da "ce" a ware suke tsayawa.

Na uku, jinsi. Sunan namiji da jam'i kan ɗauki -n, sunan mace kan ɗauki -r: wandon Audu, rigar Audu. Haka nan "kasuwa ce", amma "shago ne". Taurarin labari suna iya magana da karin harshen garinsu, kamar Sakkwatanci ko Zazzaganci, amma muryar mai ba da labari ta fi dacewa da daidaitacciyar Hausa.

Na huɗu, alamomi. Aya tana rufe jumla, waƙafi yana ba da ɗan hutu a cikinta. "Ku ci, yara" gayyata ce. In aka cire waƙafin, jumlar ta koma abin tsoro. Maganar tauraro takan shiga tsakanin alamun buɗe zance da rufe shi, kuma kowane sabon mai magana yakan fara sabon sakin layi. Alamar motsin rai guda ɗaya ta isa; jera uku ba ya ƙara wa kuka ƙarfi.

Hanya mafi sauƙi ta gwaji ita ce karanta rubutun da babbar murya kafin a miƙa shi ga mai ɗab'i. Inda numfashi ya yanke babu alama, nan gyara yake.