Yanka a cikin kogo, sabulu a cikin rijiya: zare kan Ayislan

1/ Tun da na sa hoton nan na ruwa mai tashi sama kuke ta tambaya a ina ne. Ayislan ce, tsibirin nan na can arewacin Turai. Da hutun ƙarshen zango muka je ni da 'yan ajinmu uku, da kuɗin da muka daɗe muna tarawa. Hoto na je nema, tarihi na dawo da shi. Ku gyara zama 🧵

2/ Kogo muka fara shiga, sunansa Surtshellir, a yammacin ƙasar. Ba ruwa ne ya haƙa shi ba. Narkakken dutse ne ya malalo daga aman wuta, samansa ya daskare, na ciki ya ci gaba da gudu har ya tsiyaye, ya bar rami kamar bututu. Tsawonsa ya kusa kilomita 2.

3/ An ba mu hular kwano mai fitila a goshi. Ƙasan duk fasassun duwatsu ne, sai ka haɗa da hannu. Da muka yi nisa mai yi mana jagora ya ce kowa ya kashe fitilarsa. Jama'a, na ɗauka na san duhu, mu da muka taso da ɗaukewar wuta. Ashe ban san komai ba. Na kai tafina dab da hancina ban gan shi ba.

4/ A cikin duhun nan ya fara ba mu labari. Mutanen farko sun zauna a Ayislan wajen shekarun 870, yawancinsu daga Norway. Ba su daɗe ba dutsen yankin ya yi aman wutar da ya samar da kogon. Ku duba halin da suka shiga: a ƙasarsu ta asali ba su san ƙasa tana amayar da wuta ba.

5/ A addininsu na lokacin akwai wani ƙaton dodon wuta, Surtr, wanda suka yi imani shi zai ƙone duniya a ƙarshen zamani. Ma'anar sunan kogon ke nan: kogon Surtr. Wato a ganinsu sun gano ƙofar gidansa.

6/ Nan ne abin ya kama ni. Masu haƙar kayan tarihi sun sami wani gini na duwatsu mai siffar jirgin ruwa can ciki, kusan mita 300 daga bakin kogon. Kusa da shi ga tarin ƙasusuwan tumaki, awaki, shanu, dawaki da aladu, wasu a ƙone. A ƙasar da hunturu ke kashe mai ƙarancin abinci, mutum ya ɗauki dabbarsa ya kai cikin wannan duhu ya ƙona. Fassarar masu binciken ita ce yanka ake yi don dodon ya ci gaba da barci.

7/ Sun kuma tsinci duwatsun ado 63, uku daga cikinsu daga Iraƙi suka fito. Iraƙi fa! Zamanin Abbasiyawa, lokacin Bagadaza na tashe. Daga hannun wannan ɗan kasuwa zuwa na wancan har suka ƙare a ramin dutse a ƙarshen duniya. Ni dai na daɗe ina juya wannan a raina.

8/ Wajen shekara ta 1000 Ayislan ta karɓi Kiristanci, yankan ya tsaya. Daga baya sai kogon ya yi suna a labaran gargajiya a matsayin maɓoyar ɓarayin dabbobi.

9/ Bayan kwana biyu muka nufi kudu, kwarin Haukadalur, inda hoton nan ya fito. Tun kafin ka ga komai warin ruɓaɓɓen ƙwai zai tare ka, na farar wuta ne. Ƙasa na ta hayaƙi ta ko'ina.

10/ Babbar rijiyar wajen sunanta Geysir, daga kalmarsu mai nufin ɓulɓulowa da ƙarfi. Daga ita Turawan Ingila suka ari sunan da suke kiran duk irin wannan maɓuɓɓuga a duniya. Rubuce-rubucen ƙasar sun ambaci sauyin maɓuɓɓugan yankin tun bayan girgizar ƙasa ta 1294.

11/ 'Yan kimiyya, kun tuna murhun gas ɗin nan na ɗakin gwaji mai sunan Bunsen? To shi Robert Bunsen ɗin, Bajamushe, ya je wajen a 1846 ya bayyana yadda abin ke aiki. Ruwan can ƙasa ya wuce digiri 100 amma nauyin na sama ya hana shi tafasa. Da zarar kaɗan ya malale, nauyin ya ragu, sai na ƙasa ya zama tururi nan take ya watso komai sama.

12/ Matsalar ita ce Geysir ba ta aiki da agogon baƙi. Girgizar ƙasa ta 1896 ta farkar da ita, zuwa 1916 ta sake yin shiru. Su kuwa mutane sun yi tafiyar makonni a jirgin ruwa da kan doki, ba za su koma ba su ga komai ba.

13/ Sai aka fara dabaru. Matafiyan ƙarni na 19 kan cusa wa maƙwabciyarta Strokkur curin ƙasa mai ciyawa har ta shaƙe ta amayar. Ita Geysir an haƙa mata magudana a gefe a 1935 don ruwan ya ragu, aka sake yashe ta a 1981. Sannan sabulu: a zuba shi da yawa, ruwa ya tashi, manyan baƙi su tafa. Sai a shekarun 1990 aka daina don kare wajen.

14/ Har sayar da ita an taɓa yi. A 1894 wani James Craig daga arewacin Ailan ya saye filin, ya kewaye shi da shinge, ya sa kuɗin shiga. A 1935 wani ɗan ƙasar, Sigurdur Jonasson, ya saye ya ba al'umma kyauta.

15/ Abin da ya ba ni dariya ya kuma ɗan dame ni: kakanni na ƙona shanunsu don wutar ƙasa ta yi barci, jikoki na ɗura mata sabulu don ta farka a yi kallo. Ban isa in yi musu dariya sosai ba, don ni ma da na tsaya gaban Geysir na ga ruwa kwance lumui, haushi na ji, na fara lissafin kuɗin jirgina.

16/ Girgizar ƙasa ta 2000 ta sake tayar da ita na wani lokaci, ba sabulu ba komai. Yanzu da wuya ta motsa. Wadda ke cikin hotona Strokkur ce, wadda ita ma sai da aka buɗe mata toshewa a 1963. Tana tashi duk bayan 'yan mintuna, mita 15 zuwa 20.

17/ Sau huɗu tana tashi ina kallonta ta allon waya. A na biyar sanyi ya kashe batirin. Sai a lokacin na lura cewa kafin ta fashe, ruwan kan kumbura ya zama wani ƙaton ƙwallo shuɗi na ƙiftawar ido. Wannan ba shi a hoton da na sa muku.