Ilmin Hisabi da Hatimi: Daga Katsina ta Ƙarni na 18 Zuwa Sabo ta Ibadan

Idan ana maganar tarihin kimiyya tsakanin ƙarni na 15 da na 18, akasarin littattafai kan tsaya ne a kan Turai, sai ka ce sauran duniya barci take yi. Amma idan muka dubi ƙasar Hausa a wannan zamani, za mu tarar da malamai da suka duƙufa a kan ilmin hisabi da na taurari, kuma burbushin aikinsu yana nan har a zangunan Hausawa na Kurmi, irin su unguwar Sabo ta Ibadan.

Tun bayan zuwan Shehu Magili Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), biranen Hausa suka ƙara zama matattarar malamai. A ƙarni na 17 Katsina ta yi tashe da waliyyanta, Ɗan Marina da Ɗan Masani. Daga wannan gari ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya fito. Ya tafi aikin Hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira. A shekarar 1732 ya wallafa Bahjat al-Afaƙ, littafi a kan ilmin haruffa da wafaƙi. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, masanin taurari kuma mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti.

Wafaƙi shi ne abin da Bahaushe ya sani a cikin hatimi. Mafi sauƙinsa shi ne mai gida tara: a jera lambobi daga 1 zuwa 9, a sa 5 a tsakiya, ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Al-Katsinawi ya bayyana ƙa'idojin gina irin wannan murabba'i idan adadin gidajen kowane gefe mara ne, kamar 3 ko 5 ko 7. Irin wannan dabara ce jakadan Faransa, Simon de la Loubère, ya kawo daga Siyam ya buga a 1691. Gaskiya ne malamanmu sun haɗa lissafin da neman asiri, amma haka zamanin yake a ko'ina: Kepler ya yi wa manyan mutane duban taurari, Newton kuma ya shafe shekaru yana binciken alkimiyya.

Wannan ilmi ya bi fatake duk inda suka yada zango. A Ibadan, Hausawa sun fara zama tun ƙarni na 19, kuma a 1916 aka keɓe musu unguwar Sabo, inda cinikin shanu da goro ya kafu a hannun masu gidaje da dillalansu. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda 'yan kasuwa suka dogara da malamai wajen neman sa'a da tsari. Hatimin da malami yake zanawa a allo ko a takardar laya ya gaji tsarin da al-Katsinawi ya yi sharhinsa. A cikin garin nan kuma, Jami'ar Ibadan ta kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a 1964.

Saboda haka, muna ganin kuskure ne a ɗauki hatimi a matsayin camfi kawai. A cikinsa akwai lissafi mai ƙa'ida wanda ya haɗa Katsina da Alƙahira da Ibadan. Ya kamata ɗalibin Hausa ya san wannan silsila da sunayen malamanta, ya kuma iya bambance ƙa'idar lissafin da amfanin da al'umma ta yi da ita.