Yadda Aka Gano Zazzaɓin Lassa a Maƙwabtan Mubi

Kogin Yedzaram, wanda ya biyo ta gefen Mubi ya miƙe arewa, shi ne ya ratsa kwarin da garin Lassa yake. Mazaunin unguwar Wuro Patuji da ke Mubi ya san Lassa a matsayin garin Margi da ke ƙaramar hukumar Askira/Uba ta jihar Borno, garin da mutanensa ke zuwa Mubi cin kasuwa da karatu. Likitocin duniya kuwa sun san sunan ne ta wata hanya daban, domin a can aka fara gane wata cuta da har yau take kashe mutane a Afirka ta Yamma.

A watan Janairun 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, Mubi da Lassa duk suna cikin jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. 'Yan mishan na Church of the Brethren, waɗanda suka fara zama a Garkida a 1923, suna da ɗan asibiti a Lassa. A nan wata dattijuwar nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine ta kwanta da zazzaɓi da ciwon baya da ciwon maƙogwaro. A wannan yanki, duk wanda jikinsa ya yi zafi, abin da ake fara zato shi ne zazzaɓin cizon sauro. An ba ta magungunan da aka saba, jiki sai ƙara tsanani yake yi. Aka ɗauke ta a ƙaramin jirgin sama zuwa asibitin mishan na SIM a Jos, inda ta rasu ranar 26 ga Janairu.

Dalilin da ya sa maganin bai yi aiki ba shi ne gindin labarin. Abin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro wata 'yar halitta ce mai suna Plasmodium, mai rai da jikinta, wadda ke shiga hanta sannan ta koma cikin jini tana ci tana hayayyafa. Wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya gan ta da madubin likita tun 1880, kuma a 1897 Ronald Ross ya tabbatar cewa sauro ne ke ɗaukar ta. Ita da tsutsar ciki da tsutsar da ke kawo tsargiya duk dangi ne a wajen likitoci: halittu ne masu rayuwa a jikin wani, kuma akwai magungunan da ke kashe su. Bairos kuwa, wanda shi ne ya kwantar da Wine, wani abu ne daban. Ƙanƙantarsa ta wuce a gan shi da madubin asibiti, ba ya ci, ba ya hayayyafa da kansa, sai ya kutsa cikin ƙwayoyin jikin mutum ya sa su riƙa ƙera irinsa. Maganin maleriya ba ya taɓa shi, haka ma penisilin da sauran magungunan kashe bakteriya.

A Jos, nas Charlotte Shaw da ta yi jinyar Wine ta kamu, ta rasu cikin Fabrairu. Sai ta uku, Lily Pinneo, wadda aka fi sani da Penny, ita ma ta kwanta. Likitar asibitin, Jeanette Troup, ta ga abin ya wuce saninta, ta sa aka fitar da Pinneo ta Legas zuwa New York tare da samfurin jinin mamatan. Pinneo ta yi makonni tara a asibiti kafin ta tashi.

Dakta John Frame, likitan da ke kula da lafiyar 'yan mishan a New York, ya miƙa jinin ga masu binciken Jami'ar Yale: Jordi Casals da Sonja Buckley da Wilbur Downs. Su suka ware ƙwayar, suka tabbatar ba a taɓa rubuta irinta ba, aka laƙaba mata sunan garin da Wine ta kamu. Aikin bai zo musu da sauƙi ba. A watan Yuni Casals da kansa ya kamu, har aka fara fid da rai, sai aka ƙara masa ruwan jinin Pinneo, wanda ke ɗauke da garkuwar da jikinta ya haɗa, ya warke. A Disamba wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Juan Roman, ya mutu. Yale ta dakatar da aiki da ƙwayar mai rai, aka mayar da ita cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a Atlanta, inda ake da ɗakin tsaro na musamman.

A farkon 1970 cutar ta sake ɓarkewa a wani asibitin SIM na Jos, wannan karon tsakanin 'yan ƙasa, marasa lafiya da masu jinyarsu da ma'aikata. Dakta Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa, ta rasu cikin Fabrairu. Pinneo ta dawo Najeriya da ruwan jininta don ta cece ta, amma ta iso a makare. Littattafai sun adana sunayen Turawan nan ɗaya bayan ɗaya, 'yan Najeriyar da suka mutu a wannan asibiti kuwa yawanci lissafi kawai aka yi da su, kuma wannan rashin adalci ne da ya kamata marubutan tarihinmu su gyara.

Saura tambaya ɗaya: daga ina take fitowa? Amsar ta zo daga Saliyo. Bayan ɓarkewar 1972 a yankin Panguma, tawagar Thomas Monath ta kama dabbobi ta gwada su, ta sami ƙwayar a jikin wani ɓera mai nonuwa da yawa da ake kira Mastomys natalensis. Ɓeran ba ya rashin lafiya, amma yana zubar da ita a fitsari da kashi. Yana zaune a gona da daji, yana kuma shiga ɗaki da rumbu, musamman da rani bayan an kwashe amfanin gona an ƙona ciyayi. Shi ya sa cutar ta fi tashi daga Disamba zuwa Afrilu. Hatsin da aka shanya a bakin titi, da kwanon abincin da ya kwana a buɗe, da ɓeran da yara suka kama suka gasa, duk ƙofofi ne. Daga mutum zuwa mutum kuwa ta jini da sauran ruwan jiki take wucewa, dalilin da ya sa ma'aikatan asibiti suka fi kowa shan wahalarta tun daga ranar farko.

Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2015, wanda Farfesa Christian Happi na Jami'ar Redeemer's da ke Ede yake cikin masu shi, ya nuna cewa ƙwayar ta haura shekara dubu a ƙasar da ake kira Najeriya yanzu, daga baya ta bazu yamma zuwa Gini da Laberiya da Saliyo. Mutanen Lassa ba su suka kawo ta ba. Asibitinsu ne kawai ya zama wurin da aka fara lura. A 2015 ɗin ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar daina sa wa sabbin cututtuka sunan gari ko ƙasa, amma ƙa'idar ba ta shafi tsofaffin sunaye ba.

Alƙaluman hukumar sun ce kusan kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba sa jin komai ko kuma su yi ɗan zazzaɓi ya wuce. Cikin waɗanda ta kwantar a asibiti, kusan kashi 15 na mutuwa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi kan sami matsalar ji. Ta fi muni ga mai tsohon ciki. Tun 1986 ake amfani da maganin ribavirin, wanda aka ga ya fi tasiri idan an fara shi cikin kwana shida na farko, ko da yake likitoci na ci gaba da muhawara kan ƙarfinsa. Allurar rigakafi tana matakin gwaji. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da kamuwar sama da mutum 600 a ƙasar nan, kuma jihohin da suka fi fama da ita a 'yan shekarun nan su ne Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, maƙwabciyar Adamawa.

Kuskuren da aka yi a 1969 shi ne ake maimaitawa a gidaje da shagunan kemis: a ji zafin jiki a ce maleriya ce ko taifot, a sha magani ba gwaji. Duk wanda ke Wuro Patuji ko wata unguwa a Mubi da ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro kwana biyu ko uku bai ga sauƙi ba, musamman idan akwai ciwon maƙogwaro ko amai ko zubar jini, ya tafi asibiti a gwada jininsa, masu jinyarsa kuma kada su taɓa jini ko amansa da hannu tsirara.