Tarihin Koyar da Kurame Magana a Gana

A Kasuwar Malam Atta da ke Akara, kamar sauran kasuwannin zango, kurma kan yi ciniki da hannu. To amma a makaranta, an daɗe ana jayayya: shin maganar hannu za a koya masa, ko ta baki?

A taron Milan na 1880, malaman Turai suka zaɓi maganar baki. A Gana kuwa, Andrew Foster, wani kurma baƙar fata daga Amurka, ya buɗe makarantar kurame ta farko a Osu a 1957, da maganar hannu. Daga baya makarantar ta koma Mampong-Akuapem.

A shekarun 1960 aka karkata ga tsarin baki. Aka sa wa yara na'urar ƙara ji, ana koya musu karanta motsin leɓe. Sai dai na'urar ƙara sauti kawai take yi, wanda ke da sauran ji shi take amfana. Yara da dama suka gama makaranta ba magana, ba karatu. Wannan ya sa aka dawo da maganar hannu cikin aji, na'ura ta zama mataimakiya kawai.