Ƙaramin asfirin: Illolinsa da magungunan da ba ya jituwa da su

A shagunan kemis na Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran garuruwan Jihar Katsina, ana iya sayen asfirin mai miligiram 75, wanda aka fi sani da Vasoprin, ba tare da takardar likita ba. Masu hawan jini kan kira shi maganin tsinka jini. Ƙanƙantarsa da arharsa kan sa a raina shi, alhali ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Aikinsa a jiki

Asfirin yana hana ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni manne wa juna, kuma tasirinsa kan kai kwana 7 zuwa 10. Shi ya sa likitoci ke rubuta shi ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ta dalilin toshewar jijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma amince a bai wa masu juna biyun da ke cikin haɗarin jijjiga, bisa kulawar asibiti. Sai dai ba ya sauke hawan jini.

Illolinsa

Babbar illarsa ita ce zubar jini a ciki. Yana iya haddasa gyambon ciki ko ya tayar da tsoho. Alamomin haɗari sun haɗa da baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, haɓon da ya ƙi tsayawa, da jiri. Ga wanda hawan jininsa bai daidaita ba, akwai haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa. Yana tayar wa wasu masu asma ciwonsu, kuma ba a bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita.

Binciken ASPREE na 2018, wanda ya bibiyi tsofaffi sama da 19,000 masu ƙoshin lafiya a Ostareliya da Amurka, ya gano cewa shan sa kullum bai ƙara masu tsawon rai cikin lafiya ba, sai dai ya ƙara yawan mummunar zubar jini.

Haɗin da ke da haɗari

Manomin da ya wuni a gonar rani a gefen Dam ɗin Zobe, ya nemi maganin ciwon jiki, sau da yawa ibuprofen ko diclofenac ko piroxicam za a ƙulla masa. Kowannensu yana ƙara haɗarin zubar jinin ciki idan ya haɗu da asfirin. Ibuprofen kuma yana iya toshe kariyar da asfirin ke bai wa zuciya.

Garin Alabukun ma asfirin ne: kowace takarda na ɗauke da miligiram 760, wato ninki goma na ƙaramar ƙwayar. Haka nan warfarin da clopidogrel, da dexamethasone da wasu ke sha don ƙiba, duk suna ƙara haɗarin. Paracetamol ne aka fi ba da shawararsa ga mai shan asfirin idan ciwon jiki ya kama shi.

Abin da ya kamata a kiyaye

Wanda likita ya ɗora a kan asfirin kada ya daina da kansa, domin jijiyar na iya sake toshewa. Ya sha bayan cin abinci. Mai azumi ya sha bayan buɗa-baki ko sahur. Ya kuma sanar kafin tiyata ko cire haƙori. Wanda ya ga alamar zubar jini ya garzaya Babban Asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, kada ya koma kemis.

Hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, ce ke bai wa shagunan kemis lasisi, NAFDAC kuma ke karɓar rahoton illar magani. Haƙƙin mai saye ne ya san sunan kowace ƙwayar da aka ƙulla masa a leda kafin ya kai ta baki.