Igiya, Sanduna da Ramuka Shida

Ranar da na lalata kan jitata ta farko, injin huda na fara zagi. Ramuka shida ake yi a kan jita irin ta Sifen, uku a kowane gefe, faɗin kowanne milimita 10, daga tsakiyar ɗaya zuwa ta gaba milimita 35, domin nan ne maɗauran tsirkiya ke zama. Na dafe katakon da hannun hagu, na danna. A rami na biyu ya zame, bakin ƙarfen ya karkace ya ɓullo ta inda ba a aike shi ba. Aikin mako uku ya koma makamashi.

Haushin nan ne ya sa na bi sawun yadda mutanen da suke riƙe aikinsu. Antonio de Torres, wanda kusan duk jitar gargajiya ta yau siffarsa take bi, an haife shi kusa da Almeriya a 1817, kuma kafinta ne tun asali. Ya rasu a 1892, shekara uku kafin kamfanin Fein na Jamus ya fito da injin huda na lantarki da ake ɗauka a hannu. Ke nan bai taɓa ganin abin da nake zagi ba.

A hanyar Sifen, kafin a sassaƙa jita sai an tanadi shimfiɗarta. Wani faffaɗan allo ne da suke kira solera, an ɗan rarake cikinsa. A kansa ake kife fuskar jitar, a ɗora wuya, a jera gefuna, komai na zaune wuri ɗaya har a rufe baya. Fuskar nan kaurinta bai wuce milimita biyu da ɗan wani abu ba, matsi na ƙarfe kuwa ba ya da tausayi, sai ya bar mata tabo ko ya tsaga ta. Shi ya sa suke nannaɗe gangar da igiya, zagaye bayan zagaye, yadda ƙarfin zai rarrabu ko'ina. Ga kuma gam na fata, wanda ake narkawa a wuta, da ya huce ya kama. Mai neman maƙalar ƙarfe a lokacin ya makara.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta sanduna. Ana lanƙwasa siririyar sanda tsakanin aikin da wani rufi a samansa, ƙoƙarinta na miƙewa shi ne matsin. Da irin wannan ake danne 'yan haƙarƙarin katako na ƙarƙashin fuska, waɗanda Torres ya saba jera guda bakwai kamar buɗaɗɗen mafici. Ba ƙusa, ba ƙarfe, kuma kowace sanda ta san wurinta.

Tarihin bakin huda ya bi wata hanyar daban. Murɗaɗɗen nan da ke kowane shago, Stephen Morse na jihar Masacusets ne ya yi masa rajista a 1863, kuma don ƙarfe aka yi shi. A katako tsininsa yawo yake yi kafin ya kama, in ya fita ta baya kuma ya tafi da ɓawo. Na katako yana da ɗan tsinke a tsakiya da kunnuwa biyu masu yanke gefe tukuna. Ni ban san da wannan ba, na sayi abin da na gani.

Black & Decker suka yi wa injin mai mariƙin bindiga rajista a 1917, a 1946 suka fara sayar da na amfanin gida. Littafin Irving Sloane kan harhaɗa jita, wanda ya buɗe wa 'yan sha'awa da yawa ƙofa, sai a 1966 ya fito. A ganina nan matsalar irinmu take: inji ya riga ilimin riƙo shiga gidaje da shekara ashirin.

A jita ta biyu na matse kan tsakanin katakai biyu, na huda wani guntun icce mai tauri ya zama jagora, na shiga a hankali ina fito da baki ina kakkaɓe gari. Shidan suka fita a layi. Da na zo rufe baya, igiyar shanya na kwance daga tsakar gida, kuma har yau uwargida ba ta daina tuna mini ba.